Daminar da Rafi Ya Raba Mu da Dagaci

Markar bana ta zo da ƙarfinta. Tun ranar Laraba ba mu ga rana ba, katangar bayan gida ta jiƙe har tana ƙamshin ƙasa, kaji sun taru a ƙofar ɗakina sun ƙi fita. Jiya da hantsi matar jikana ta kawo mani kwaɗon tafasa a faranti, ya sha ƙuli-ƙuli da albasa da mai, ta ce, "Hajiya, ga abin marmari." Na dube shi na yi dariya har da tari. Ta tsaya tana kallona, ko ta yi wani laifi ne. Na ce, "Zauna, ba ke ba ce." Akwai daminar da tafasa ta zame mana tuwo da miya da fura, babu ƙuli babu mai, kuma a wannan daminar ce muka wayi gari ba mu da dagaci.

Unguwarmu ba ta da girma a lokacin. 'Yan gidaje ne a kan wani tudu, da masallacin kara, da wata ƙatuwar tsamiya inda maza ke zama. Idan ka tsaya a gindinta ka dubi kudu ranar da gari ya yi wasai, kana hango duwatsun Dutsin-Ma. Idan ka juya arewa, gonaki ne da kukoki har Kurfi. Yamma da gidajen, jifa ɗaya, rafi ya wuce. Bahago ake ce mashi, don ba ya tafiya yadda ake zato. Da rani yashi ne zalla, mu tona mu ɗebi ruwa. Da damina ya cika ya yi ja, ya gangara can wajen da aka yi dam ɗin Zobe daga baya.

Wannan rafin shi ne iyaka. Gabas da shi ƙasar Kurfi, yamma da shi ƙasar Dutsin-Ma. Mu muna gabas, saboda haka mu talakawan Dagaci Sallau ne, wani ƙaton mutum mai tumbi da ke zaune a garin da ke gabas da mu. Ƙetaren rafi kuwa na Dagaci Mamman ne, siriri, mai ƙaramar murya. Su biyun ba sa ga maciji.

Malam, mijina, shi ne mai unguwa. Allah ya jiƙansa, mutum ne mai sanyin hali, ko akuya ba ya iya yi wa tsawa. Abu ɗaya yake ji da shi a duniya, rawanin da ya gada wajen mahaifinsa. Uwarsa, Inna Kande, ta kan ce rawanin ya fi unguwar tsawo. Ita kuwa Inna ba ta da sarauta, amma in ta yi magana daga bakin murhu, har gindin tsamiya ake gyara zama. Ni lokacin ina goyon ɗiyata ta fari.

Bayan an ba ƙasa mulkin kai da 'yan shekaru ne. Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya tsaya yana ciki bai cika ido ba. Abin da muka zuba a rumbu bai kai rabin na kullum ba. Da bazara ta kama, zafi ya sauko kamar an kifa mana tukunya. Da rana ba ka iya taka ƙasa, ƙadangaru ma sun shige inuwa. Mu mata tun da jijjifi muke zuwa rafi, mu tona yashi har kafaɗa, mu zauna muna jiran ruwa ya tsattsafo mu kwashe da ludayi. Ka dawo da tulu ɗaya, na alwala ne, na sha ne, na girki ne. Inna ita ke hawa rumbu da kanta. Da fari takan sauko da zangarniya cike da hannu, daga baya rabin hannu, daga baya ta sauko hannu wayam tana kakkaɓe zane.

Ruwa ya yi jinkiri, amma da ya zo ya zo da kyau. Muka yi shuka, tsiro ya fito kore shar, gari ya yi sanyi, sai dai ciki ba ya cin kallo. Tsakanin shuka da sabon gero akwai tafiya mai nisa, kuma rumbu ya riga ya ƙare. Aka bar tuwon dare aka koma kunu. Kunun ma ya yi ta tsinkewa har kana ganin fuskarka a cikin ƙwarya. Sai ganye. Da safe in goya ɗiya in shiga bayan gari in tsinko tafasa da rama da yaɗiya, in dafa, in matse, a barbaɗa gishiri da 'yar dusa. Maza su ci su ɗauki hauya. Gayya ba ta tsaya ba, yau gonar wannan gobe ta wancan, amma makaɗin gayya ya daina zuwa, ya ce hannunsa ba ya iya ɗaga gula. Abin da ya fi damuna shi ne nono. Ɗiyar za ta kama ta ja ta ja, ta saki ta dube ni, ko kukan kirki ba ta iya yi.

A haka marka ta same mu. Kwana da kwanaki ana ruwa, wani lokaci yayyafi, wani lokaci kamar da bakin ƙwarya. Itace ya jiƙe, hura wuta ya zama yaƙi, ido ya yi ta hawaye da hayaƙi. Wata rana bayan azahar muka ji wani irin ruri daga arewa, kamar garken shanu a guje. Maza suka fita da gudu, mu ma muka leƙa. Bahago ne ya cika ya batse, ya kai wani lanƙwasa da ke sama da unguwa, ya ƙi lanƙwasawa. Ya fasa gaɓa, ya ratsa ta cikin gonar rogon liman, ya zagayo ta gabas da gidajenmu, ya haɗe da tsohuwar hanyarsa can ƙasa. Kafin la'asar tsohon kwarin da ke yamma ya fara janyewa, ya bar yashi da kududdufai.

Muna tsaye kowa ya yi tagumi, liman yana salati a kan rogonsa, sai Inna ta dubi sabon rafin ta dubi tsohon, ta ce, "To, barkanmu da sauka. Mun yi ƙaura zuwa ƙasar Dutsin-Ma ko tabarma ba mu naɗe ba."

Aka yi dariya. Ba wanda ya ɗauki maganar da nauyi.

Ba a jima ba labari ya zo cewa hukuma ta aiko da dawar agaji, an sauke a gidajen dagatai, kowane mai unguwa ya je ya karɓi rabon mutanensa. Ranar unguwa ta yi kamar ana sallah. Malam ya fito da rawani. Na riƙe mashi baki ɗaya, ya yi ta juyi yana naɗawa. Ya tattare riga, ya ɗora takalma a ka, shi da maza biyu da jaki suka ratsa sabon rafi zuwa garin Dagaci Sallau. Mu kuwa muka wanke turame.

Da yamma suka dawo, jaki yana tafe wayam. Malam bai so ya faɗi yadda aka yi ba, amma 'yan rakiyarsa ba su rage komai ba. Sun ce ya faɗi ya yi gaisuwa, Dagaci Sallau ya dubi wandonsa da ke ɗigar ruwa ya ce, "Mai Unguwa, mi ya jiƙa ka haka?"

"Rafi na ƙetaro, ranka ya daɗe."

"Rafi? Tun yaushe ake ƙetare rafi daga unguwarku zuwa nan?"

"Ai rafin ne ya canza hanya, Allah ya ba ka nasara."

"To ni iyakata ruwa. Haka na gada. Duk wanda ya jiƙa wando kafin ya iso gare ni, baƙo ne. A ba baƙi ruwa su sha." Dawar da aka aiko mashi ba ta da yawa, bakuna kuma sun yi yawa, ya ga hanyar rage wasu.

Washegari Malam ya sake naɗa rawani, ya bi ta tsohon kwari zuwa garin Dagaci Mamman. Wannan karon da busasshen wando ya isa, yana ganin hujja ce a hannunsa. Dagaci Mamman ya saurare shi har ƙarshe, ya yi mashi jaje, sannan ya ce da 'yar muryarsa, "Mai Unguwa, ruwa mahaukaci ne, ba a bin shawararsa. Iyaka tana inda kakanninmu suka bar ta. Ku mutanen Sallau ne. Ka gaishe mani da shi."

Daren nan ba a daka komai ba. Turamen da muka wanke suka bushe a tsakar gida.

Abin da ya cece mu shi ne tsohon kwarin. Da ruwa ya janye, kududdufan da ya bari cike suke da tarwaɗa, ta rasa hanyar fita. Maza da mata muka shiga da kwanduna da tsofaffin zannuwa, muna faɗuwa muna tashi cikin taɓo. Liman da kansa ya kama wata ƙatuwa da hannu, ya ce diyyar rogonsa ce. Muka ci kifi da tafasa, muka sha romo, nonona ya ɗan dawo. Kuma ƙasar da ruwa ya bari baƙa ce wuluk, mai laushi. Maza suka bi ta suka dasa dankali, suka zuba masara, ba a yi mako ba wuri ya yi kore.

Ana cikin haka, wata safiya sai ga ɗan aiken Dagaci Sallau daga gabas, ya ce ruwa ya cinye hanyar mota ta Kurfi, kowane gida ya ba da namiji ɗaya da garma. Bai rufe baki ba sai ga ɗan aiken Dagaci Mamman daga yamma, ya ce hanyar Dutsin-Ma ta zaizaye, a fito aiki. Suka haɗu a ƙofar zaurenmu suna hararar juna. Malam ya rasa wanda zai amsa wa, yana cewa "to" ta dama, yana cewa "to" ta hagu.

Inna ta fito da muciya a hannu. Ta ce, "Kai, ɗan nan, ka koma ka ce wa Sallau mu baƙi ne, ba a sa baƙo aikin hanya. Kai kuma ka ce wa Mamman mu mutanen Sallau ne, shi ya faɗa. Turawa sun ba ƙasa mulkin kai, mu ma Bahago ya ba mu namu. Ga sarkinmu nan." Ta nuna Malam da muciya. Malam ya ce, "Haba Inna, a rufa mani asiri."

'Yan aiken suka koma, amma ba saƙon Inna kaɗai suka kai ba. Sun ga kifi a shanye a kan danga, sun ga fadamar da ta yi kore. Ba a yi kwana nawa ba aka aiko cewa dagatan biyu za su zo da kansu a daidaita iyaka.

Suka zo ranar wata Asabar, gari a lumshe. Dagaci Mamman ya zo ta yamma a kan doki da mutanensa. Dagaci Sallau ya bar dokinsa a gaɓar gabas, aka ƙetaro da shi ta wani wuri mara zurfi, ana tattare mashi riga. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiya. Mu mata muka jeru a bayan zana, kowa ta sami kafar leƙe.

Dagaci Sallau ya fara. Ya ce ya yi tunani, ƙasa ba ta tafiya, saboda haka tudun nan da fadamar duk nasa ne har tsohon kwari. Amma mutane suna bin ruwan da suke sha, tunda yanzu suna yamma da ruwa, cinsu da shansu yana kan Mamman. Dagaci Mamman ya ce shi ma ya yi tunani, ya gane ruwa ne iyaka, saboda haka fadama tasa ce. Amma mutane ba sa canza uba, na Sallau ne tun kakanninsu. Wato kowa yana son ƙasar, ba mai son bakunan da ke kanta. Malam yana zaune a tsakiya da rawaninsa, kai yana zuwa dama yana zuwa hagu.

Suna cikin gardama ba wanda ya lura hadari ya haɗu a arewa, baƙi ƙirin. A kanmu yayyafi kawai aka yi, amma can sama an zuba ruwa na gaske. Wajen la'asar muka ji rurin nan da muka sani. Bahago ya iso lanƙwasa, wannan karon bai zaɓi hanya ba, ya bi duka biyun. Kafin dagatai su sa takalma, ruwa ya cika gabas ya cika yamma, ya tafi da dankali da masara da sauran kifin. Unguwarmu ta zama tsibiri, da mu da manyan baƙinmu a ciki.

Dagaci Sallau ya tsaya a gaɓa yana kallon dokinsa a ƙetare. Dagaci Mamman yana da doki amma ba hanya. Zaure ɗaya ne mai rufin kirki a unguwar, namu, saboda haka can aka sauke su tare, mutanen da suka yi shekaru ba su haɗa tabarma ba.

Inna ta ce mani, "Ɗiyar nan, ɗora tukunya. Abin da muke ci shi za su ci." Na dafa tafasa, na matse, na zuba a akushin baƙi mai kyau, na rufe da faifai. Malam ya kai yana sunkuyar da kai. Muna jin Dagaci Sallau ya buɗe ya ce, "Wannan miyar ce? Ina tuwon?" Inna ta amsa daga tsakar gida, "Tuwon yana gidanka, ranka ya daɗe, a cikin buhu."

Ranar farko suka ɗan taɓa suka ture. Kashegari suka cinye har da suɗe akushi. Tafasa kuwa ga wanda bai saba ba, tana da nata hukuncin. Duk wunin ranar dagatan biyu suna bin hanyar bayan gari da buta, in wannan ya dawo wancan ya tafi, har suka fara yi wa juna sannu. Dokin Dagaci Mamman ya cinye rabin dangar liman.

Da yunwa ta kai wa Dagaci Sallau karo, ya je bakin ruwa ya ƙwala wa mutanensa na ƙetare kira, ya ce a je gida a kawo dawa, a nemo masunta su ƙetaro da ita. Ya juyo ya ce wa Malam, "Ka sani, wannan abincina ne, ba rabon unguwa ba." Dagaci Mamman da ya ga haka, shi ma ya je gaɓar yamma, amma muryarsa ba ta ƙetare ruwa, sai da liman ya ara mashi tasa, ya yi kiran kamar na sallah. Kafin yamma masunta suka turo dawa a cikin manyan goruna, ta gabas da ta yamma.

Inna ta karɓa ta ce, "Abincin manya ba a dafa shi a tukunya ɗaya." Ta rarraba wa kowane gida, wai a taya ta aiki. Ranar duk unguwa ta ɗauki ƙarar daka. Ban manta ƙamshin tuwon nan ba, da tururinsa a fuskata. Na dama kunu mai kauri na sha har na yi gumi, na ɗiga wa ɗiyar a baki da yatsa, ta kama yatsan ta ƙi saki. Dagatai aka kai masu malmala bibbiyu. Dagaci Sallau ya tambayi ina sauran, Inna ta ce dawar bana ba ta da auki.

Da ruwa ya fara sauka, na yamma ya riga janyewa. Dagaci Mamman ya hau dokinsa ya tafi, ko waiwaye bai yi ba. Fadamar da yake so ta koma yashi, ba sauran abin gardama. Na gabas kuwa har yanzu yana kai wa ƙirji, ga Dagaci Sallau ya matsu ya tafi, ga shi bai iya ruwa ba. Aka rasa mai ɗaukarsa. Malam ya ce baƙonsa ne, shi zai goya shi. Ya cire rawani ya miƙa mani, abin da bai taɓa yi a gaban mutane ba, ya durƙusa, dagaci ya hau.

Duk unguwa muka fito gaɓa. Malam siriri, ga yunwar wata da watanni, ga wannan ƙaton a bayansa. Suka shiga, ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Da suka kai tsakiya, inda ruwa ya fi ja, sai Malam ya tsaya cak.

"Mai Unguwa, tafi mana!"

Malam bai motsa ba. Ruwa yana jan rigar dagaci, ƙafafunsa suna reto. Sai muka ji muryar Malam, a natse, kamar yana gaisuwa a zaure.

"Ranka ya daɗe, ina da tambaya. Mu yanzu mutanen wa ne?"

"Wace irin tambaya ce wannan a cikin ruwa? Mu ƙetare tukuna!"

"Ai in mu baƙi ne, Allah ya ba ka nasara, nan ne iyakar ƙasarmu. Sai in sauke ka, naka su ƙaraso su ɗauke ka."

Dagaci Sallau ya ƙanƙame wuyan Malam, ya ɗaga murya yadda gaɓa biyu suka ji. "Nawa ne ku! Wallahi nawa ne, ku da 'ya'yanku da jikokinku da awakinku! Liman, ka shaida! Gobe a zo a ɗauki dawa! Tafi!"

Liman ya ce ya shaida. Inna ta rangaɗa guɗa. Malam ya ɗan yunƙura, sannan ya ci gaba, ya dire shi a gaɓar gabas lafiya lau.

Washegari jaki ya dawo da kaya har yana nishi, kuma dawar nan ita ta kai mu har muka fara gasa tumun sabon gero. Da kaka manya suka zauna suka tabbatar da maganar, shi ya sa har yau unguwarmu tana cikin ƙaramar hukumar Kurfi, ko da yake rafin yana gabas da mu, an ma yi mashi gada.

Labarin ya zagaya kasuwanni, aka yi ta zuwa ganin mai unguwar da ya yi wa dagaci shari'a a tsakiyar ruwa. Malam kuwa sai dai ya gyara rawani. Sai bayan shekaru, muna zaune mu biyu ina tsince wake, na ce, "Malam, wai ina ka samo wannan dabarar?"

Ya dubi ƙofa ko akwai mai ji, ya rage murya. Ya ce, "Wace dabara? Ƙafata ce ta nutse a yashi, na kasa zaro ta. Na ga in na yi shiru zai gane mu duka za mu tafi, shi ne na ce bari in ɗan ja shi da hira."